Gangar 'Yan Makaranta a Bayan Garin Lafiya

Motar da ta taso daga Akwanga ta nufi Lafiya sai ta sha kewaya duwatsun Eggon, hawa da gangara, kafin ta sauka shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke ba da doya da riɗi da agushi. Tafiyar kimanin kilomita 60 ce. Tun da aka mayar da hanyar tagwaye direbobi sun sami sauƙi, amma fasinja ba ya sakin jiki sai an bar Nasarawa Eggon a baya. Can gaba sai Shabu, wadda a da gari ce mai zaman kanta, yau kuwa gine-ginen Lafiya sun miƙo har sun haɗe da ita.

Matafiyin da ya iso nan a makon ƙarshe na Satumba, bayan la'asar, in ya sauke gilashi zai ji wani amo na tasowa daga harabar makarantu. Babbar ganga na faɗuwa ɗaya-ɗaya, ƙananan ganguna na yayyafi a kanta, bigila na neman murya tana kuɓuce mata, ta sake nema. Damina ba ta gama tattara kayanta ba, ciyawa ta kai gwiwa. A gefe guda yara ne riƙe da langalanga suna share fili, a ɗaya gefen kuma samari da 'yan mata sun jeru uku-uku suna buga ƙafa, wani malami na biye da su yana gyara wa wannan kafaɗa, yana ɗaga wa wancan haɓa. Gwajin fareti ake yi, 1 ga Oktoba ta ƙarato.

A Jihar Nasarawa wannan rana biki biyu ce a haɗe. Ita ce ranar da Najeriya ta karɓi mulkin kai a 1960, ita ce kuma ranar da Janar Sani Abacha ya yanke jihar daga tsohuwar Filato a 1996, tare da Zamfara da Gombe da Ekiti da Ebonyi da Bayelsa. Aka ce Lafiya ce babban birni, aka turo Wing Kwamanda Abdullahi Ibrahim ya zama kantoman farko. Ranar 1 ga Oktoba da 27 ga Mayu, Ranar Yara, su ne ranaku biyu da ɗan makarantar gwamnati ke fitowa gaban manyan gari da gogaggen yunifom da farar safa, ana tafa masa. Shekarar da hukuma ta ce a yi bikin Oktoba ba hayaniya, saboda tsaro ko ƙarancin kuɗi, to rana ɗaya ta rage masa.

Garin da ake yi wa wannan fareti ba baƙon ganga ba ne. Barebari ne suka kafa sarautarsa a ƙarƙashin Muhammadu Dunama, shi ya sa har yau ake cewa Lafiyar Barebari. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, fatake na bin hanyar Loko zuwa bakin kogi. Daga baya jirgin ƙasa ya ratsa ta nan a kan layin da ya taso daga Fatakwal. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla, algaita na kuka, kakaki na kirari, dawakai na taku bisa kiɗa, ya san mutanen nan sun iya jera sahu tun kafin Bature ya zo da bigilarsa. Sabon abin da makaranta ta kawo shi ne ta ɗauki ganga ta rataya a wuyan ɗan kowa. A cikin gari kiɗa gado ne, ɗan malami ko ɗan sarki ba ya taɓa shi. A filin makaranta kuwa ɗan liman na iya zama mai babbar ganga, ubansa ya zo kallo.

Ita makarantar ta daɗe ba ta iso ba. A zamanin Jihar Arewa Lafiya na cikin Lardin Binuwai, yaron da ya ci jarrabawar gama firamare kuwa sai ya ɗaure akwatinsa na ƙarfe ya nufi Katsina-Ala, inda makarantar lardi take, ko Keffi in ya yi fice. Sai da aka shiga zamanin jihohi, Binuwai-Filato a 1967, sannan Filato a 1976, makarantun sakandare suka yawaita kusa da gida. Mai martaba Sarkin Lafiya na yanzu, Mai shari'a Sidi Bage Muhammad, wanda ya bar kujerar Kotun Ƙoli ya hau gadon sarauta a 2019 bayan rasuwar Sarki Isa Mustafa Agwai, a nan garin ya yi firamaren Dunama, a nan kuma ya yi sakandaren gwamnati. Wato makarantar gwamnati ta garin nan ta taɓa ɗaukar yaro ta ɗora shi kan hanyar da ta kai shi kotu mafi girma a ƙasa. Iyayen da suka yanke ƙauna daga makarantun gwamnati ya kamata a riƙa tuna musu wannan.

Da gangan aka riƙa kafa irin waɗannan makarantu a bayan gari. Ana son yaro ya yi nesa da hayaniyar kasuwa, ana kuma son ƙasa mai yalwa: filin ƙwallo, filin tsere, gonar makaranta, gidajen malamai. Amma tun daga 1996 Lafiya ke kumbura. Ma'aikatan da suka dawo daga Jos sun nemi matsuguni, kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha ta jawo ɗalibai, jami'ar tarayya ta zo a 2011, unguwanni irin su Bukan Sidi da Ombi da Tudun Kauri da Sabon Pegi suka cika suka batse. Makarantar Kimiyya ta Gwamnati da ke kan hanyar Shendam, hanyar da gidan gwamnati yake, yau gari ya kewaye ta. Waɗanda suka gaji zaman bayan gari su ne makarantun jeka-ka-dawo na wajen Shabu da Kwandere da sauran ƙauyukan da birni ke haɗiyewa, inda ɗan manomi da ɗan ƙaramin ma'aikaci ke zama a benci ɗaya.

Wanda ya tsaya ya ƙare wa badujalar irin wannan makaranta kallo zai ga kayanta ba su da yawa. Babbar ganga ɗaya, wadda ake ba yaro mai faɗin ƙirji. Ƙananan ganguna masu tsarkiya uku ko huɗu. Fayafayen tagulla biyu da ake gwarawa. Bigila ɗaya, in an yi sa'a biyu. Ƙahonin nan masu maɓallai da ake gani a badujalar 'yan sanda sun fi ƙarfin yawancin makarantun gwamnati. Ita bigila ba ta da maɓalli ko ɗaya, da leɓe da numfashi kaɗai ake fitar da 'yan muryoyinta, waɗanda ba su cika wuce biyar ba, shi ya sa mai koyo kan daɗe yana hura iska kafin ta amsa masa. Fatar ganga in ta fashe ba kullum ake jiran ta kanti ba. Sai a kai wa mai gyaran kalangu a cikin gari ya ɗaura mata fatar akuya, amon ya ɗan canza, fareti ya ci gaba.

Aikin kuwa yana da ƙa'ida. Maci mai sauri na tafiya ne a kan taku kimanin 120 a minti ɗaya, kuma dukan babbar ganga mai ƙarfi a kan ƙafar hagu yake sauka. In mai gangar ya yi gaggawa, yara ɗari za su yi gaggawa. In ya yi nawa, sahu ya karye tun daga baya. Yaro ɗan shekara 15 ne ke riƙe da ƙafafun makaranta gaba ɗaya, ya kuma san haka, za ka gani a goshinsa. A gabansa akwai mai sanda, jagoran badujala, wanda ke juya doguwar sanda mai ƙyalli, ya cilla ta sama ya cafe, 'yan kallo su ɗauki sowa. Cillawar ado ce kawai. Ainihin aikin sandar ba da umarni ne, a fara, a karya kwana, a tsaya, domin a cikin ƙarar ganguna ba mai jin muryar mutum. Inda ake cin maki ko a zubar da shi kuwa shi ne gaban rumfar manyan baƙi. Nan kowa zai juya fuska dama lokaci guda, ban da na bakin sahu, wanda shi idonsa na gaba don kada layi ya karkace. Sakan goma ne ko ashirin, amma dominsu aka sha ranar makonni.

Ba da takarda ake koyar da wannan ba. Da kunne ake ɗauka, daga na gaba zuwa na baya. Wani lokaci tsohon ɗan sanda ko tsohon soja da ke unguwa ne ke zuwa da yamma ya taimaka, a sallame shi da kuɗin mashin. Wani lokaci ɗan bautar ƙasa ne, wanda ya buga ganga a sansanin horo na Magaji Ɗan Yamusa da ke Keffi, aka turo shi koyar da lissafi, ya tarar da ganguna a sito sun yi ƙura, ya fito da su ya kakkaɓe. Shekara na cika ya tafi. 'Yan ajin ƙarshe su ma su rubuta jarrabawa su tafi da abin da ke hannunsu. Sai makaranta ta wayi gari ga ganguna babu makaɗa, a koma farawa daga tushe.

Abin da ya fi jan hankalin mai lura shi ne inda yaran suka samo hannu da ƙafa. Da yawa daga masu ganga a coci suka koya, a ƙungiyar Boys' Brigade, wadda aka kafa a Glasgow a 1883 ta iso Najeriya a 1908. Da yawa daga waɗanda suka fi iya taku kuma a Islamiyya suka saba, wajen zagayen Mauludi, ko a rundunar 'yan agaji ta ƙungiyoyin addini. Ranar Juma'a da ranar Lahadi kowa na wurin ibadarsa. Makarantar gwamnati ce wurin da ɗan Eggon da ɗan Alago da Bagwandare da ɗan Migili da ɗan Mada da ɗan Tibi da Babarbare da Bahaushe da Bafulatani ke shiga sahu ɗaya, a jera su bisa tsawo ba bisa yare ko addini ba, su ɗaga ƙafa ɗaya a lokaci ɗaya. Jihar nan ta ga abin da ya faru a Alakyo a watan Mayun 2013, inda jami'an tsaro masu yawa suka rasa rayukansu 'yan kilomitoci daga Lafiya, ta kuma sha fama da rikicin manoma da makiyaya a kudancinta. A irin wannan ƙasa sahun fareti ba ƙaramin abu ba ne. Taron sulhu a otal yini ɗaya ne a watse. Amma wanda kuka sha rana tare, kuka sha ruwa a kofi ɗaya kuna 'yan shekara 14, da wuya wani ya zo daga baya ya ce maka maƙiyinka ne ka yarda.

Mai son ganin inda wannan tarbiyya ta samo asali sai ya koma kan hanya. Daga Lafiya a sake hawa duwatsu zuwa Akwanga, a karya hagu a nufi yamma, a wuce Garaku, wata tafiyar kimanin kilomita 60, sai Keffi. Garin Abdu Zanga ne, Bafulatanin da ya fito daga ƙasar Katsina ya kafa shi wajen 1800 a ƙarƙashin Zazzau. A nan Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ya nufi Kano, Gwamna Lugga ya riƙe wannan cikin hujjojinsa na kai wa Kano yaƙi a 1903. Dutsen da ake kira da sunan Baturen na nan a garin.

Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda tarihinta ya faro a 1949, ita ce uwar makarantun sakandaren wannan yanki. Ba ta lardi ɗaya ba ce, daga ko'ina a Arewa ake turo mata yara. Aper Aku, wanda ya zama gwamnan Binuwai a 1979, nan ya yi karatu. Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan Matawallen Katsina, ya shigo a 1965 ya fita a 1969, ya wuce Barewa, ya zama shugaban ƙasa a 2007. Ba zamani ɗaya suka yi ba, amma ƙararrawa ɗaya ce ta tashi ɗan Tibi da Bakatsine daga barci, fili ɗaya suka zuba wa gumi. Mai ziyara kafin ya ga aji, yalwar harabar zai fara gani. Waɗanda suka tsara irin waɗannan kwalejoji ba su ɗauki wasa a matsayin ragowar lokaci ba.

Salon daga Katsina ya taso. Kwalejin Katsina, da aka kafa a 1921 Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971. Turawan da suka koyar a can sun zo da tsarin makarantun kwana na Ingila: a raba yara gida-gida, kowane gida da kyaftin ɗinsa, a sa su gasa a komai, daga sharar ɗaki har kurket da hoki. Wani malami mai suna Hogben ya kawo wasan fayis, ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wanda a Ingila sai a makarantun 'ya'yan manya irin su Eton. A Arewa ya sami wurin zama. Ahmadu Bello, wanda ya yi Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya zama kyaftin ɗin fayis, bai kuma daina bugawa ba har yana Firimiya. Har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi.

Yakubu Gowon ma a filin Zariya aka fara saninsa. Shi ne golan makaranta, yana tsallen gora, yana gudun dogon zango, shi ne kuma kyaftin ɗin dambe. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 aka shiga neman abin da zai ɗinke ƙasa, gwamnatinsa ta fito da abu biyu a 1973: bautar ƙasa ta matasa, da bikin wasanni na ƙasa wanda aka fara a Legas. Da wuya a ce dacewa ce kawai. Mutumin da ya tsare wa 'yan wasa goma masu yare daban-daban gida ya riga ya ga abin da fili ke iya yi.

Tsarin na da nasa aibin, kuma ba daidai ba ne a ɓoye. 'Yan kaɗan ya ɗauka, da farko yawancinsu 'ya'yan masu sarauta, mata kuwa an bar su a baya shekaru masu yawa. Sai dai abin da ya yi daidai a cikinsa bai kamata a zubar tare da aibin ba.

Ragowarsa na nan a makarantun bayan garin Lafiya, kuma a zango na biyu ake ganinta, tsakanin Janairu da Maris, lokacin da hunturu ke janyewa zafin kwarin Binuwai ke shigowa. Lokacin intahaus ke nan. Makarantar jeka-ka-dawo ba ta da ɗakin kwana, don haka gida suna ne kawai da launin riga, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, amma kishin da yara ke yi masa na gaske ne. Tun ana saura kwanaki ake ja layukan tsere da toka ko baƙin mai, a tone ramin dogon tsalle a zuba yashi ko dusar katako, a aro katifu don masu tsallen sama. Kowane gida ya kafa rumfarsa ya ƙawata ta, ya naɗa sarki da sarauniya, ya gayyato wani mai hali a gari ya zama uban gida. Ranar kuwa badujala ce ke buɗe fage, gidaje su wuce ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga mita 100 da 200 da 400, jifan dalma, tseren miƙa sanda wanda shi ke tayar da kowa tsaye. Da yawa ba takalmi suke gudu. Wanda ya iso ƙarshen layi ya zube, abokai su ɗauke shi, a zuba masa garin gulukos a tafin hannu ya lashe. Masu rake da lemo da ruwan leda sun kewaye fili. Can wajen yamma a kira tseren malamai, yara su yi ta ihu suna ganin malamin lissafi na haki.

A irin wannan rana ake ganin yarinyar da ba wanda ya san da ita. Kullum da ƙafa take zuwa daga ƙauye, ta saba da tulu da gona, sai ga shi a mita 800 ta bar na biyu da tazarar da ba a gardama. Malam zai dafa kanta ya ce, "Sannu 'yata, Allah ya yi albarka." Za a ba ta bokiti ko littattafan rubutu. Lokacin da ta yi gudun kuwa, in ma an duba a waya, ba a rubuta shi a ko'ina ba, ba kuma wanda zai neme ta ranar Litinin. Shekara uku bayan haka tana ɗakin miji ko tana talla a tasha. Wannan ita ce asarar da ta fi ciwo, domin ba a ma san an yi ta ba.

Ba dole ne abin ya zama haka ba. Jamaika ba ta kai mutum miliyan 3 ba, Nasarawa kuwa tun a ƙidayar 2006 ta haura miliyan 1.8. Amma tun 1910 Jamaika ke gudanar da gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta makarantun sakandare, wadda yau ke cika babban filin wasa na Kingston maƙil, ana nuna ta a talabijin, ana adana lokacin kowane yaro. Ta nan Usain Bolt da Shelly-Ann Fraser-Pryce suka bi. A Amurka, makarantun gwamnati na unguwannin bayan birni sun mayar da badujala darasi a jadawali, da malaminta mai albashi, tana fita kowane daren Juma'a da makaranta ke da wasa a gida, iyaye na da ƙungiyar tara mata kuɗi. A gida ma akwai shaida. Wata biyu kafin a haifi Jihar Nasarawa, Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta ta kawo wa Najeriya zinare. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya da sakan 12.12 a tseren tsallake shinge a 2022, tana 'yar sakandare a Ijebu Ode ta fara.

Lafiya kanta gari ne mai son wasa. Ranar da Nasarawa United ke gida, hanyoyin filin wasan birni cika suke yi. Ƙungiyar da aka kafa a 2003 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 2016 da 2021, takwararta ta mata, Nasarawa Amazons, ta ɗauki kofin gasar mata ta ƙasa a 2017. Gwamnati na kashe kuɗi a kan waɗannan ƙungiyoyi, ba laifi. Amma tsakanin filin makarantar bayan gari da wancan filin babu tsani. Yaron da ya haye, yawanci wani koci ne na unguwa ya tsince shi da ƙoƙarin kansa.

Me ya cinye filayen? Yawa ne na farko. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, sannan shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, sun turo wa sakandare yaran da gine-ginenta ba su iya ɗauka, kuma duk lokacin da aka sami kuɗin sabon aji, filin wasa ne wuri mafi sauƙin ginawa. Na biyu rashin katanga. Makarantar da ba a kewaye ba, da farko masu ƙafa ke ratsa filinta, sai masu mashin, sai a wayi gari wani ya kafa harsashi a kusurwa yana riƙe da takarda. A garin da farashin fuloti ke hawa kowace shekara, wannan ba abin mamaki ba ne. Sannan an rage makarantun kwana, yaro na tashi ƙarfe biyu ya tafi gona ko shago ko garejin ubangidansa, yammacin wasa ya mutu. Iyaye da malamai kuma idonsu na kan sakamakon WAEC da NECO, suna ganin ganga da gudu ɓata lokaci ne. Makarantun kuɗi da suka cika unguwanni, da yawansu a gidan haya suke, ko wurin buga langa babu, su ma ranar intahaus filin makarantar gwamnati suke aro.

Wannan na ƙarshe shi ya kamata ya farkar da mutane. Duk da lalacewar da ake faɗa, ƙasa mai yalwa ita ce dukiyar da makarantar gwamnati ta fi kowa, kuma in ta tafi ba ta dawowa. Aji in ya rushe a sake ginawa, fili in an yanka shi fuloti-fuloti shi ke nan.

Gyaran bai fi ƙarfin jihar ba. Ma'aikatar ilimi ta auna filin kowace makaranta, ta yi masa takardar mallaka, ta kewaye shi. Kowace sakandare ta sami malamin wasanni wanda wasannin ne aikinsa, ba cikon gurbin wani darasi ba. Tsofaffin 'yan badujalar soja da 'yan sanda na nan zaune a unguwanni, ɗan alawus kaɗan zai sa su riƙe yara duk shekara, ba sai Satumba da Mayu ba. A kuma tsayar da gasa ɗaya tabbatacciya, daga ƙananan hukumomi 13 zuwa filin wasan Lafiya, maza da mata, da agogo da littafin da za a rubuta suna da lokaci. Iyayen da ke jin nauyin barin 'ya'yansu mata su yi gudu, dogon wando da hijabi ba su hana tsere.

Kafin hukuma ta motsa, akwai waɗanda nauyin ya fi kusa da su. Tsofaffin ɗaliban makarantun nan na cikin ma'aikatu da kasuwanni da barikoki, daga Lafiya har Abuja, kuma taron shekara-shekara da suke yi a otal ya fi kuɗin ganguna huɗu da bigila biyu. Duk wanda ya taɓa buga ƙafa a sahun wata makaranta a Lafiya ko Keffi ko Doma ko Akwanga, ya daure ya je kafin zango na biyu ya kama, ya zauna da shugaban makarantar, ya tambaye shi ina iyakar filin wasa take a yau, da kuma ganguna nawa ne suka rage da fata.